Ko Ka Sani? Sandar Ƙwallon Gorar Ƙanƙara da Sirrin Tanƙwararta

Sandar ƙwallon gorar ƙanƙara, wato wasan hoki, kashi biyu gare ta: doguwar ƙota da ɗan wasa ke riƙewa da hannu biyu, da kai mai faɗi wanda ya karkata ya kwanta bisa ƙanƙara. Da wannan kan ake kora wani baƙin faifan roba mai kaurin santimita 2.5 da faɗin santimita 7.6, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. A dokar NHL, babbar gasar Kanada da Amurka da aka kafa a 1917, tsawon ƙota ba ya wuce santimita 160 sai ga dogon mutum ƙwarai da aka yi wa izini, kan kuwa iyakarsa kimanin santimita 32.

Sandunan farko da suka yi suna, mutanen Mikmak ne suka sassaƙa su, ƴan asalin Noba Sikoshiya a gabashin Kanada. Sukan nemi icce mai tauri wanda saiwarsa ta lanƙwasa da kanta, su fitar da ƙota da kai daga gungume guda, don jijiyar iccen ta bi kwanar ba tare da ta katse ba. Da sandunan icce aka buga wasan da ake ɗauka shi ne na farko mai tsari a cikin rufaffen fili, a birnin Montiriyal ranar 3 ga Maris 1875. Daga baya masana'antu suka koma liƙa siraran alluna suna naɗe su da zaren gilas. A shekarun 1960 Stan Mikita da Bobby Hull na ƙungiyar Shikago suka yayata lanƙwasasshen kai mai ɗaga faifai sama, har ta kai aka sa wa lanƙwasar iyaka, wadda a yau take santimita 1.9. Ƙotar alminiyam ta bazu a shekarun 1980, sannan a farkon shekarun 2000 sandar zaren kabon ta ƙwace fage. Ita wannan cikin ƙotarta rami ne, kanta kuma cike da soso mai tauri. Mafi tsadarta ba ta kai giram 400 ba, alhali ta icce takan haura giram 600.

Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne, a bugu mafi ƙarfi sandar ba faifan take fara taɓawa ba. Ɗan wasa yakan ɗaga ta ya sauke, kan ya daki ƙanƙara kaɗan a bayan faifan, shi kuma ya ɗora nauyin jikinsa a kan hannunsa na ƙasa. Sai ƙotar ta tanƙwara ta tara ƙarfin, tana isa faifan ta miƙe farat ɗaya ta juye masa abin da ta tara. Da haka Zdeno Chara ya harba faifai da gudun kilomita 175 a awa a birnin Otawa cikin 2012. Ƙwanji kaɗai ba ya kai faifai wannan gudu. Sai an haɗa da nauyin jiki da miƙewar sanda.

Shi ya sa kowace sanda ke ɗauke da lambar taurinta. Lambar tana nuna nauyin, a ma'aunin laba, da za a ɗora a tsakiyar ƙota kafin ta tanƙwara da santimita 2.5. Mai lamba 85 tana bukatar kimanin kilo 38 da rabi. Ƙa'idar da masu koyarwa ke bayarwa ta zo daidai da cewa lambar ta yi kusa da nauyin mutum a kilo: mai kilo 70 ya nemi wajen 75. In aka yanke ƙota don ta dace da tsawon mai ita, taurinta ƙaruwa yake yi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Kurfey ta Nijar. Makiyayin da ke zaɓen sanda a kasuwar Filinge, ko mai kora shanun Azawak a kewayen Tukunus, yakan dafa sandar dargaza a ƙasa ya danna, ya ji ko tana ba da kai ta dawo. Wadda ta bushe ƙayau ya san bugu ɗaya zai raba ta biyu, wadda ta cika laushi kuma ba ta tsare komai. Mai sayen sandar hoki a kantin Kanada haka yake danna ta a daɓe kafin ya biya.

Wajen ƙarko, icce da kabon kowa da irin mutuwarsa. Icce a hankali yake gajiya. Kan yana shan ruwan ƙanƙara ya kumbura, gefensa ya tsattsage, ƙotar ta saki har bugu ya rage kaifi, mai ita kuma ya gane tun da sauran lokaci. Kabon ba ya shan ruwa kamar icce, kuma yana daɗewa da taurinsa, sai dai ba ya jure sara. Dukan sandar abokin karawa, ko kaifin takalmin ƙanƙara, ko faifan da ya daki ƙota, kowanne na iya barin ƴar tsaga a cikin zaren wadda ido ba ya gani. Tsagar tana ta ci a ɓoye, ran nan a tsakiyar bugu sandar ta karye ba sallama. Wuraren da suka fi karyewa su ne wuya, inda ƙota ta sirance ta haɗu da kai, da tsakiyar ƙota wajen hannun ƙasa, da dunduniyar kai mai gogar ƙanƙara. Doka ta ce wanda sandarsa ta karye ya yar da ita nan take, in ya ci gaba da wasa da ita a fitar da shi na minti 2.

Ga masu wasan nishaɗi, waɗanda ke haɗuwa da dare bayan aiki ko a ƙarshen mako, lissafin daban ne. Ƙwararre ƙungiya ke saya masa, in ta karye a miƙo masa wata. Mai nishaɗi daga aljihunsa yake biya, sandar ƙoli kuwa takan haura dala 300, garantin yawancin kamfanoni kuma kwana 30 ne. Rashin nauyin da ake biya wa wannan kuɗi daga sirantar bangon ƙota yake fitowa. Sanda mai matsakaicin farashi, wadda aka cakuɗa kabon da zaren gilas, ta fi nauyi kaɗan amma ta fi haƙuri da duka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen mai tauri irin ta gwanayen talabijin: wanda nauyinsa bai isa ya tanƙwara ta ba, bugunsa ba zai yi nisa ba.

Kulawa tana ƙara mata kwana. Ana naɗe kan da tef na ƙyalle daga dunduniya zuwa baki, a goga kaki don ruwa ya zame, a cire jiƙaƙƙen tef bayan wasa, a kuma nisanta ta da zafi mai tsanani domin yana raunana danƙon da ya riƙe zaren. Siminti da kwalta suna cinye kan kabon da sauri, don haka masu wasa a kan titi da ƙwallo suke amfani da kan roba mai tauri. Wannan shi ne salon da zai yiwu a ƙasashe masu zafi, tunda filayen ƙanƙara a Afirka ƙalilan ne, irin na Afirka ta Kudu da Masar da Maroko da na birnin Nairobi.

Sandar da ta fi wa mai wasan nishaɗi ita ce wadda tsawonta ya kai haɓarsa in yana kan takalmin ƙanƙara, taurinta ya yi daidai da nauyinsa, kuɗinta kuma bai fi ƙarfin aljihunsa ba ranar da ta karye.