CIWON TOSHEWAR JIJIYOYIN ZUCIYA: GARGAƊI GA JAMA'A

Zuciya tana samun jininta ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta. Idan kitse ya daɗe yana taruwa a cikinsu, wata rana jini yakan daskare ya toshe hanyar, sai wani sashe na zuciya ya soma mutuwa. Wannan shi ne ciwon da kan kayar da magidanci farat ɗaya.

A dā ana zaton ciwon Turawa ne da tsofaffi. Amma a shekarar 2004 an bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, wanda ya nuna cewa abubuwa tara ne ke jawo kashi 90 cikin 100 na haɗarinsa. An kuma lura cewa mutanen Indiya da maƙwabtansu yakan fara kama su suna da kimanin shekara 53, alhali a sauran ƙasashe sai wajen 59, saboda suna tara waɗannan abubuwa tun da sauran ƙarfinsu. Wannan darasi ne gare mu.

Manya daga cikinsu su ne shan taba, hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse a jini, ƙaton tumbi, zaman wuri ɗaya, yawan damuwa, da ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace.

A dubi kasuwar Farin Gada a Jos, inda ake lodin tumatir da kabeji da karas zuwa sassan ƙasar nan. Sau da yawa dillali yakan wuni zaune tsakanin waɗannan kaya, ga sigari a hannu, abincinsa kuwa soye-soye da lemon kwalba. Rigakafi na gabansa, bai sani ba.

Saboda haka ana shawartar jama'a:

1. A daina shan taba.
2. Kada gishiri ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, a kuma rage dunƙulen miya.
3. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.
4. A riƙa auna jini da sukari. Awon da ya kai 140/90 yana bukatar ganin likita.

Duk wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da zufa da haki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A gaggauta kai shi asibiti mafi kusa. Ga mazauna Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato.

Rigakafi ya fi magani.