Makonnin Farko Bayan Sakamakon Gwaji: Yanke Shawara kan Sankarar Mama

Ranar da likita ya tabbatar wa mace cewa ƙullutun da ke mamanta sankara ce, da wuya ta riƙe wani abu daga bayanin da zai biyo baya. Tana jin muryarsa, amma hankalinta ya riga ya tafi kan 'ya'yanta da mijinta da kuma wata da ta sani wadda ciwon ya yi ajalinta. Wannan ruɗewa ba raunin zuciya ba ne, haka ɗan Adam yake idan labari ya fi ƙarfinsa. Matsalar ita ce a cikin wannan hali ake so ta tsai da shawarar da za ta shafi sauran rayuwarta. Wasu kan amince da duk abin da aka ce musu nan take don su rabu da fargaba. Wasu kuwa sukan naɗe takardar gwajin su koma gida, ba a sake ganinsu sai ciwon ya fashe. Abin da hujjoji suka nuna shi ne matar da ke wannan matsayi tana da 'yan makonni na tunani da tambaya, amma ba ta da watanni, kuma amfanin makonnin shi ne ta san irin cutar da ke jikinta, ta yanke hukunci da bakinta.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma ta kashe kimanin 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, inda ake ƙiyasta sababbin kamuwa fiye da 30,000 a shekara, mace-mace kuma kusan rabin wannan adadi. Sai dai abin lura yana wajen bambancin ƙasashe. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara biyar, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi diddigin mata a ƙasashen Afirka biyar, ya samu cewa a asibitocin kudu maso gabashin Najeriya da aka duba, kusan kashi 36 ne kawai suka kai shekara uku. Gaskiya ne nau'in da ya fi zafi yana da yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma, amma wannan kaɗai bai isa ya bayyana irin wannan tazara ba. Mafi yawanta na zuwa ne daga makara wajen zuwa asibiti da kuma yanke magani a tsakiya. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya kan ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 su kai ƙarshen maganinsu.

To, lokaci nawa mace take da shi? Mafi yawan ƙullutun da hannu ke iya ji sun daɗe suna girma kafin a lura da su, saboda haka kwana goma ko mako biyu na neman bayani ba su ne za su sauya sakamako ba. Amma jinkiri yana da farashi, kuma an auna shi. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa kowane mako huɗu da aka ƙara kafin tiyatar sankarar mama yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 8 cikin 100. Adadin kamar kaɗan ne, har sai an lissafa shi a kan wata shida ko shekara guda da mata da yawa kan shafe suna zagayen masu magani. Abin da ya kamata a yi da makonnin nan ba shi da wuya. Kada mace ta koma ganin likita ita kaɗai, ta tafi da wanda hankalinsa ke kwance, zai saurara ya rubuta. A tsara tambayoyi tun daga gida, a karɓi kwafen kowace takardar gwaji a adana. Idan zuciya ba ta natsu da likitan farko ba, neman ra'ayin na biyu ba raini ba ne, likitan kirki ba ya jin haushinsa. Rashin barci da kuka da ɗaukewar sha'awar abinci a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, amma idan suka zarce har mace ta kasa tashi harkokinta, wannan ma ciwo ne da ya kamata a faɗa wa likita.

Tambaya ta farko da za a yi wa likita ita ce matakin da cutar ta kai: girman ƙullutun, ko ta shiga kaluluwar hammata, ko ta tsallaka zuwa ƙashi ko hanta ko huhu. Ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce nau'in cutar, domin sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Ana ɗibar ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji, a duba ko ƙwayoyin cutar suna girma ne da sinadaran mata, wato istirojin da firojestaron, ko suna ɗauke da furotin ɗin nan da ake kira HER2 fiye da kima, ko kuwa babu ko ɗaya cikin ukun. Amsar ita ke zaɓar magani. Mai nau'in farko tana amfana da ƙwayar tamoxifen, wadda ba ta da tsada sosai, kuma shan ta na shekara biyar yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai nau'in HER2, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida, akwai trastuzumab da aka fara amfani da shi a Amurka a 1998, sai dai kuɗinsa na da nauyi. Wadda ba ta da ko ɗaya kuwa, allurar kemo ce babban makaminta, tamoxifen ba zai yi mata komai ba. Wannan ƙarin gwaji yana cin kuɗi, kuma akwai iyalan da kan tsallake shi don tsimi. A ganina wannan tsimi ne mai tsada, domin zai iya sa mace ta shekara tana shan abin da ba na cutarta ba. Daga nan kuma ake gane kuskuren auna kai da wata: abin da ya yi wa maƙwabciya aiki, ko ya kasa yi mata, ba hujja ba ce a kan wadda nau'inta daban.

Maganar da ta fi tsorata mata ita ce cire mama, kuma tsoron yana da tushe a tarihi. Daga ƙarshen ƙarni na 19, tiyatar da William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya yaɗa ita ce ta mamaye duniya: a cire maman gaba ɗaya da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa da kaluluwar hammata, bisa tunanin cewa yawan yanka shi ne yawan waraka. Sai a shekarun 1970 Umberto Veronesi a Milan ta Italiya da Bernard Fisher a Amurka suka gwada wannan tunani a kan ɗaruruwan mata. Sakamakon shekara 20 da suka wallafa a 2002 ya nuna cewa idan ƙullutun ƙarami ne, cire shi kaɗai tare da gashi da na'urar haske yana ba da tsawon rai daidai da cire maman duka. Wannan albishir ne, amma yana da sharaɗi, kuma a nan ne shawarar da ta dace da Landan take iya cutar da matar ƙauye. Barin mama ba ya tafiya sai da gashin, wanda ake yi kusan kullum na tsawon makonni, kuma na'urorinsa a Arewacin Najeriya suna wurare ƙalilan, irin su Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja. A Nijar ma sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai. Matar da ta san ba za ta iya zaman wata guda a wani gari ba, ko ba ta da tabbacin samun layi a kan lokaci, cire maman na iya fi mata aminci. Wadda ke da hali kuma ƙullutunta ƙarami ne, babu dalilin da za a tilasta mata rasa shi. Akan ma fara da kemo don ƙullutun ya ƙanƙance kafin a yi aiki. Likita ya san jiki, amma ita ce ta san gidanta da aljihunta da nisan garinsu, don haka hukuncin ba ya inganta sai an haɗa sanin biyu.

Za a ce ai kowa ya san ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Masu faɗar haka ba ƙarya suke ƙirƙira ba, sun ga an yi wa mace aiki, bayan wata uku ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne lokacin da ta iso asibitin. Idan mace ta zo bayan cutar ta riga ta sauka a hanta ko huhu, tiyata ba za ta kamo abin da ya wuce ba, sai mutuwa ta biyo bayan aikin a ɗora wa wuƙa laifin da na makara ne. Sannan akwai wani abin da ke karkatar da lissafin jama'a. Wadda ta rasu, unguwa duka ta je gaisuwa, kowa ya ji sunan ciwonta. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa, ta rufe ƙirjinta da mayafi ta ci gaba da zuwa biki da suna, ko aminiyarta ba lallai ta sani ba. Ta haka al'umma ke ƙirga matattu ta manta rayayyu. Ɗibar nama da allura ana yi wa miliyoyin mata a ƙasashen da fiye da tara cikin goma ke tsira; da ita ke baza cutar, da alƙalumansu ba su kai haka ba.

Akwai kuma masu cewa a fara gwada na gida, in bai yi ba asibiti na nan. Hujjarsu ita ce sauƙin kuɗi da kuma kyakkyawar tarba, kuma dole a yarda cewa mai magani yakan ba mace lokaci da lallashi fiye da abin da take samu a layin asibiti mai cunkoso. Amma an auna wannan hanya. Masu bincike a Jami'ar Yale sun kwatanta marasa lafiyar da suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba kaɗai da waɗanda suka bi na asibiti, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna haɗarin mutuwa ga masu sankarar mama ya ninka fiye da sau biyar. Asibitin da ake cewa yana nan, yana nan ɗin, amma matakin da cutar take ba ya jira. Addu'a da sadaka da istihara ba su cikin wannan muhawara, domin ba sa cin lokacin magani, kuma mafi yawan malamai ba sa ɗaukar neman magani a matsayin rashin tawakkali. Abin gudu shi ne tsaga da shafe-shafen da ke ƙona fata, da jiƙe-jiƙen da ke iya wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da ake buƙatarsu don ɗaukar kemo. Duk abin da mace ke sha, ta faɗa wa likitanta ba tare da kunya ba.

Wa ke da hukunci? A gidaje da yawa miji da 'yan'uwa kan ja likita gefe su ce kada a gaya mata, don kada hankalinta ya tashi. Niyyar kirki ce, amma sakamakonta mace ce da ake yi wa allurar da ke zubar mata da gashin kai tana sa ta amai, alhali ba ta san dalili ba. Irin wannan ita ce ke daina zuwa bayan zagaye na biyu. Wadda aka yi wa bayani, ta san gashin zai dawo, ta san akwai maganin tashin zuciya, ta san zazzaɓi a lokacin kemo abu ne na garzayawa asibiti ko da tsakar dare saboda garkuwar jiki ta yi ƙasa, ita ce ke jurewa. Shawara da miji da iyaye wajibi ce, su ne za su yi jinya su nemo kuɗi. Amma tsoron saki ko kishiya yana hana mata da dama amincewa da tiyata, kuma miji ne kaɗai ke iya cire wannan tsoro, da magana a fili tun kafin a tambaye shi.

Batun kuɗi shi ne ƙalubalen da ba shi da amsa mai daɗi. Magani yakan ɗauki watanni, kuma iyali kan sayar da kadara a farko su tsaya a tsakiya. Gara a tambayi likita jimillar abin da tsarin zai ci tun ranar farko, a nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, a bincika asusun da gwamnatin tarayya ta kafa don tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate ta maza, wanda ke aiki a wasu manyan asibitoci. Tsari mai sauƙin kuɗi da za a iya kammalawa ya fi mai tsada da za a yanke a rabi, kuma likita ba zai iya zaɓo shi ba sai an gaya masa gaskiyar halin da ake ciki. Ko wadda cutarta ta kai mataki na huɗu tana da abin zaɓa. Ba a yi mata alkawarin warkewa, amma akwai magungunan da ke danne cutar na shekaru a wasu matan, akwai gashin da ke kwantar da ciwon ƙashi, akwai mofin don raɗaɗi mai tsanani. Tambayar da za ta yi wa likita a nan ita ce me kowane magani zai ƙara mata, me kuma zai ɗauke mata daga kwanakin da take iya yi a gida cikin iyalinta.