Ƙashin da za a jefar, da ƙafar da ke jiransa

Ranar 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Terminus da ke Jos, daf da tsohon mazaunin asibitin koyarwa na JUTH, aƙalla mutum 118 suka rasu. A irin wannan rana jini ake fara nema. Bayan makonni kuma sai wata buƙata ta taso wadda ba a cika zancenta ba, wato ƙashi.

Karaya iri-iri ce. Wadda maɗori ke ɗaurewa da karare, bakin ƙashin biyu suna nan, haɗuwa kawai za su yi. Amma idan bam, harsashi ko hatsarin mota ya ruguza wani sashe ya bar giɓi, sai an cike. Likita yakan fara yankowa daga ƙashin ƙugun majinyacin kansa, sai dai abin da ake samu a nan ba ya da yawa, ga shi an ƙara masa wani ciwon.

A nan ƙashin wani yake shigowa, kuma ba sai an mutu ake ba da shi ba. Idan aka yi wa dattijo aikin sauya kwatangwalo, ana yanke kan ƙashin cinyarsa a sa na ƙarfe. Wannan dunƙule, da izininsa, ana iya adana shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, bayan an gwada jininsa don ƙanjamau da ciwon hanta. Dashensa bai kai na ƙoda wahala ba, domin ba a shan maganin hana jiki ƙin baƙo. Ƙashin da aka dasa kamar dirka yake a gini: jiki yana cinye shi sannu a hankali, yana aza nasa a gurbin. Tun 1949 sojojin ruwan Amurka suka buɗe irin wannan ma'ajiya.

Tsoron jama'a game da ba da sassan jiki ba na banza ba ne. Kowa ya ji yadda kotun Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu a 2023 kan yunƙurin ciro ƙodar wani matashi. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, ta kuma shardanta yardar mai bayarwa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa izini, ta haramta sayarwa.

Batun ciro ƙashi daga gawa ne ya fi wuya, na yarda. Wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma ba ɗan da zai so a taɓa mahaifinsa. Amma tsohon da aka sauya wa kwatangwalo da ransa zai fito, ana iya tambayarsa ido da ido kafin a shiga tiyata. Ƙashin nan dai fitar da shi za a yi ko ya ce e ko ya ce a'a. In ba a tambaye shi ba, da sauran tarkacen tiyata za a haɗa a ƙone.