Buhu Mai Ciki Uku

Yau shirin namu ya yada zango a Dawakin Tofa.

Duk wanda ya bi titin Katsina daga Kano ya san Dawanau da ke nan Dawakin Tofa, kasuwar hatsin da ake ƙirgawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Tireloli na lodin riɗi da wake da gero dare da rana. To amma ka ratse bayan kasuwar kaɗan, ka shiga ƙauyuka. Gona na manne da gona, babu saura, babu daji, gado ya yi ta yanka gandu har ya koma 'yan gayauni. Mai irin wannan gona, da kaka ta yi sai ya kai wakensa kasuwa da araha, don ga bashi, ga biki, ga tsoron ƙwari. Damina na faɗuwa ya dawo yana awon tiya da tsada. Hatsin nasa ne fa, shi ya noma shi!

Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan. Ga Sasakawa, wadda ta shigo Najeriya a 1992, ta kafa ofis a Kano. Labarin kafuwarta yana ba ni dariya. Lokacin yunwar Habasha ta 1984, wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya nemi Norman Borlaug, masanin alkamar nan da ya ci kyautar Nobel, ya zo ya taimaki manoman Afirka. Borlaug ya kawo uzurin tsufa, shekararsa 70. Attajirin ya tuna masa cewa ya girme shi da shekara 15. Borlaug ya rasa ta cewa. A 1986 suka fara aiki tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter: gonar gwaji, ingantaccen iri, taki, malamin gona.

Madalla. Sai dai ni abin da ya fi ɗaukar hankalina buhu ne. Buhu kawai, jama'a.

Ana ce masa PICS, aikin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne, Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi daga 2007, kuma a nan Kano ma an sarrafa shi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure leda ta farko, ka ɗaure ta biyu, ka ɗaure buhun. Shi ke nan. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu. Babu toka, babu barkono, babu fiya-fiya. Kada ku manta, maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Yadda aka shawo kan manoma shi ya fi burge ni. Ba a cika su da surutu ba. A gaban jama'ar gari ake ɗaure buhunan, a ajiye su watanni, sannan a sa ranar buɗewa. Kowa ya zo, mai shakka na gaba-gaba, ya cusa hannu ya damƙo, ya duba ko akwai huji. Gani ya kori ji.

Amma fa buhu ba ya biyan bashi. Wanda mai taki ke tsaye a ƙofar gidansa tun wake bai bushe ba, ina ya ga sukunin ajiya? Kuma ɓera ya huda ledar, aiki ya koma baya.

Lokaci na hararata. Akwai labarin KSADP, shirin noma da kiwo na jihar Kano, da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, inda aka damƙa wa Sasakawa ɓangaren amfanin gona. Akwai kuma matan da ke kiwon awaki a bayan ɗaki, su ne ke fitar da takin gonar. Su za mu leƙa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.