Injin Sassaƙa Mai Bin Umarnin Kwamfuta

Masassaƙi yakan dubi itace, ya ɗaga gizago, ya sari inda idonsa ya nuna masa. Injin da ake kira CNC ba shi da ido, ƙirga kawai ya iya. Duk mai son haɗa shi da hannunsa, wannan ne abin da zai fara riƙewa.

Asalinsa daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons ya fara amfani da lissafin lambobi wajen fitar da surar fukafukan jirgi mai saukar ungulu, sannan a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke karanta umarni daga tef mai hujoji. Yau kuwa ɗan allon Arduino, wanda bai kai tafin hannu ba, yana wannan aiki da manhajar GRBL da ake samu kyauta.

Bakin yanka yana tafiya ta fuska uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, wato X da Y da Z. Kowace fuska da injin juyinta, wanda ba ya juyawa a sake kamar fanka, sai dai taki-taki, yawanci taki 200 a zagaye ɗaya. Idan aka raba kowane taki gida 16, zagaye ya zama 3,200. A ce injin juyin yana jan bel mai tazarar milimita 2 tsakanin haƙora, gargaren da ke jan sa kuma haƙoransa 20, to zagaye ɗaya milimita 40 ke nan, kowace milimita taki 80. Wannan 80 ita ake rubuta wa GRBL a gurbin $100. A umarci injin ya yi tafiyar milimita 100, a ɗora rula a gani.

Inda masu koyo suka fi yin asara shi ne gangar jiki. Sai mutum ya zuba kuɗi a kayan lantarki, ya kafa su a kan firam mai rawa. A ganina gara ƙaramin inji mai ƙwari da babba mai lanƙwasa. Ka kama bakin yanka da yatsu biyu, inji a kashe, ka girgiza: duk motsin da ka ji, sai ya fito a jikin katako.

Mafi yawan matsala ba daga kwamfuta take ba. Ka sa ya yanka da'ira, ta fito kamar ƙwai, to akwai sako-sako a fuska ɗaya, ko bel ya saki, ko boris ya ci. Wadda ta fi cin rai ita ce tsallake taki. Ana tsakiyar sassaƙa suna a jikin ƙofa, sai rabin haruffan su goce gefe da 'yan milimitoci, injin kuma ya ci gaba abinsa, domin a lissafinsa komai daidai yake. Yanka mai zurfi a tashi ɗaya yana jawo haka, zafin allon da ke tuƙa injin juyi ma haka. Sau da yawa kuma ɗan mitsitsin notin da ke riƙe gargare ne ya kwance. Ja layi da maka daga kan sandar juyi zuwa gargaren, ka yi yanka kaɗan, ka duba. In layin ya rabu biyu, ka kama ɓarawon.

Idan katako ya fara baƙi yana warin ƙuna, mai koyo yakan rage gudun tafiya don tsoro, alhali hakan ke ƙara ƙunar, saboda bakin yana gugar wuri ɗaya maimakon yanka. Dubi abin da ke zuba. Ɓarɓashi mai ɗan kauri alamar lafiya ce, gari mai laushi kamar toka kuwa guga ake yi. Wannan gari yana cutar da huhu, don haka takunkumi da tabarau wajibi ne.

A inda ake yawan ɗauke wuta, a sa maɓallan iyaka a ƙarshen kowace fuska. Wuta na ɗaukewa injin ya manta inda yake, amma da su zai lallaɓa ya koma kusurwarsa ta farko, ya sake ƙirga daga sifili, a ci gaba da aiki a kan katakon da ke ɗaure.