NOMAN LALLE DA KIWONSA

Zuwa ga hakimai da masu unguwa da manoman ƙasar Boɗinga da Shagari.

Kun sani damina a ƙasarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ma ruwa ya kan ɗauke tun gero bai ƙosa ba, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984. Saboda haka ya kamata kowane magidanci ya mallaki wata shuka wadda fari ba ya kashe ta da wuri. Lalle yana cikin irin waɗannan. Wahalarsa ta shekarar farko ce, amma idan ya kafu ya kan yi shekara 20 ko fiye ana cin moriyarsa.

1. Halinsa

Lalle itace ne mai son zafi. Saiwarsa ta kan nutsa ƙasa ƙwarai ta nemi laima. Idan rani ya tsananta, ko sanyin hunturu ya yi yawa, sai ya zubad da ganye ya tsaya. Kada ku zaci ya mutu, da ruwa ya sauka zai toho. Furensa ƙanana ne, farare, masu ƙanshi. A Sojat, cikin ƙasar Rajastan ta Indiya, inda ruwan sama bai fi namu yawa ba, gonaki sukutum ake yi na lalle, ana sayad da shi ƙasashen duniya.

2. Wurin da ya dace

Ku zaɓi inda rana ke bugawa wuni duka, ƙasar kuma ba ta riƙe ruwa. Jigawa mai ɗan laka ta fi. Bakin garka, da gefen rijiya, da bayan gida duk suna yi. Tsakiyar fadama inda ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki ba ta yi, gama saiwar ta kan ruɓe.

3. Shuka da dashe

Hanya biyu ce. Ta farko da iri. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri, don haka a jiƙa ta kamar kwana 7, ana sake ruwan kullum. Sa'an nan a cuɗa ta da yashi, a yafa cikin fangali, kada a binne da zurfi. A yi haka cikin Maris ko Afrilu, ana ban ruwa safe da maraice, har dashen ya kai wata 3 ko 4.

Ta biyu da reshe, ita ce ta fi sauƙi. A yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin alƙalami, tsawonsa taƙi guda, daga uwa wadda aka san ganyenta yana kamu. A kafa rabinsa cikin ƙasa mai laima.

Dashe sai damina ta zauna, watau cikin Yuli. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin rami, a bar kamu guda tsakanin wannan da wancan. Idan shinge ake nufi, a matsa su kusa da haka.

4. Shekarar farko

Nan ne yawanci ake hasara. Daga ɗaukewar ruwa har faɗuwar wani, a ba kowane tushe ruwa ya ƙoshi sau ɗaya a mako. Yayyafi kullum ba ya sa saiwa ta nutsa. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a riƙa cire ciyawa, a duba gara. Masu unguwa su gargaɗi makiyaya da yara masu kiwo, don aikin wata 6 ya kan lalace a yini ɗaya.

5. Yanka da shanya

Launin yana cikin ganye, ya fi yawa a sabon toho na saman reshe. A yanka da kaka, kafin hunturu ya sa ganye ya yi rawaya ya zube. A sa lauje mai kaifi, a bar kututture kamar faɗin tafin hannu bisa ƙasa, daga nan zai sake tohowa da rassa da yawa. Mai ban ruwa ya kan yanka sau 2 ko 3 a shekara. Yankan farko kaɗan ne, sai shekara ta 3 ya ke cika.

A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, bisa tabarma, ba bisa ƙasa ba. Ganyen da ya bushe yana kore ya fi daraja a kasuwa, wanda rana ta ƙona ko yashi ya shiga kuwa mai saye ya kan karya kuɗinsa. Ku bar tushe 2 ko 3 ba yanka, su yi fure su ba da iri.

6. Gargaɗi

Lalle na ainihi ja ya ke kamawa. Kada ku gauraya garinku da baƙin rini na gashi don ya yi duhu, gama yana ƙona fatar mata da yawa. Kada kuma a shafa wa jariri lalle, akwai waɗanda ya kan ɓata wa jini.

Mai karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda. Wanda ya ke da tsohon lalle ya taimaki wanda ba shi da shi da reshe, tun damina ba ta yi nisa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.