Kiɗan Ishumar: Waƙar da Ta Yaɗu Ba Ubangida, Ba Kamfani

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da kiɗan ɓoye, watau kiɗan da ke isa kunnen jama'a ba tare da ya bi ta hannun sarki ko gwamnati ko kamfanin faifai ba. Misalin da za a duba shi ne kiɗan gita na Abzinawa, wanda ake kira ishumar.

Kalmar ishumar ta samo asali ne daga kalmar Faransanci mai ma'anar marar aikin yi. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974 ya karkashe dabbobin makiyaya a arewacin Mali da Nijar, samari da yawa suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka. A cikinsu ne Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara kaɗa gita a Tamanrasset wajen 1979, ƙungiyar da daga baya ta shahara da sunan Tinariwen. Sun ɗora karin waƙoƙin gargajiya na Tamashek a kan gita, jigoginsu kuwa su ne kewar gida da ƙuncin gudun hijira da kira ga haɗin kai.

Abin lura a nan shi ne hanyar yaɗuwar waƙoƙin. Makaɗin fada yana da ubangidan da ke ɗaukar nauyinsa, mawaƙin zamani kuma yana da kamfanin da ke buga masa faifai. Su waɗannan ba su da ko ɗaya. Duk wanda ya kawo kaset da ba kome a ciki, sai su rera masa a rakoda, shi kuma ya kwafa wa wani. Da haka waƙa kan ƙetare hamada a aljihun matafiya. Sa'ad da tawaye ya ɓarke a 1990, hukumomi sun ɗauki waɗannan kaset-kaset a matsayin makami, har mallakarsu kan jawo wa mutum fitina.

Da wayar hannu ta zo, al'adar ba ta mutu ba, riga kawai ta sake. A 2008 Mdou Moctar, mutumin Nijar, ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya tun kafin wani kamfani ya san da su.

Daga baya kasuwar duniya ta buɗe wa kiɗan ƙofa, har Tinariwen suka sami lambar Grammy a 2012. Wannan ya bar wa manazarta matsala guda: yawancin kaset-kaset na farko ba su ɗauke da sunan mawaƙi ko shekarar naɗi, ga shi kuwa zafi da ƙura na cinye su. In ba a tattara su an adana ba, tarihin kiɗan zai fara ne daga ranar da kamfanoni suka shigo cikinsa.